Tafidan Katsina Shehu Musa 'Yar'aduwa (1943–1997): Rayuwarsa da Raɗe-raɗin da Suka Biyo Bayan Rasuwarsa a Kurkuku

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, Tafidan Katsina, tun daga haihuwarsa a 1943 har zuwa rasuwarsa yana ɗaure a 1997. An dubi tasowarsa da aikinsa na soja, da zamansa mutum na biyu a gwamnatin tarayya, da irin siyasar da ya gina bayan ya tuɓe kaki. Daga nan aka waiwayi zarge-zargen da suka dabaibaye rasuwarsa, aka kwatanta su da na wasu manyan mutane da suka rasu a daidai wannan zamani a Nijeriya da Nijar. Maƙalar ta nuna cewa shirun hukuma da shari'ar bayan ƙofa su ne suka haifi waɗannan raɗe-raɗi, kuma wannan salon mulki na sirri yana da tushe tun a zamanin da shi kansa marigayin yake riƙe da madafun iko.

Fitilun Kalmomi: 'Yar'aduwa, mulkin soja, kurkuku, raɗe-raɗi, maƙarƙashiya

1.0 Gabatarwa

A ranar Litinin, 8 ga watan Disamba 1997, Allah ya yi wa Shehu Musa 'Yar'aduwa rasuwa yana da shekara 54, yana fursuna a gidan yarin Abakaliki da ke jihar Ebonyi. Washegari aka yi jana'izarsa a Katsina. Tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe magana ta rabu biyu. Bakin hukuma ya tsaya a kan cewa rashin lafiya ce ta yi ajalinsa. Bakin jama'a kuwa, daga zaurukan Katsina zuwa tashoshin mota da kasuwannin bakin iyaka, cewa ya yi kashe shi aka yi da allura.

Yau an doshi shekara talatin, amma wannan magana ta biyu ita ce ta fi zama a zukatan mutane, har ta kusa rufe sauran tarihin mutumin. Matasa da yawa sun san yadda aka ce ya mutu, ba su san abin da ya aikata a raye ba. Manufar wannan maƙala ita ce a maido da rayuwar gaban mutuwar, domin ba za a fahimci dalilin da ya sa aka yarda da zargin kisa cikin sauƙi ba sai an san wane ne shi, da abin da ya mallaka wanda ya sa ake tsoronsa, da kuma irin tsarin mulkin da ya yi wa aiki kafin tsarin ya juyo kansa. An dogara ne ga abubuwan da suka tabbata a tarihi, aka kuma bambanta su da abin da ya tsaya a matsayin zargi.

2.0 Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Shehu a birnin Katsina ranar 5 ga watan Maris 1943, a gidan sarautar Mutawalli, wato ma'ajin masarauta. Sunan 'Yar'aduwa na unguwarsu ne. Kakansa Malam Umaru ya riƙe wannan sarauta, haka ma mahaifinsa Alhaji Musa 'Yar'aduwa, wanda ya fara da aikin koyarwa, daga baya ya shiga jam'iyyar NPC ya zama Ministan Harkokin Ikko a gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Saboda haka Shehu ya buɗi ido ne a gidan da ya haɗa sarauta da boko da siyasa.

Ya yi karatu a Midil ta Katsina da Sakandaren Lardi ta Katsina, inda ya zauna aji ɗaya da Muhammadu Buhari. A wancan lokaci shugabannin Jihar Arewa suna ta kwaɗaitar da 'yan makaranta shiga aikin soja, ganin yadda hafsoshin Arewa suka yi ƙaranci a rundunar da Turawa suka bari. Shehu na cikin waɗanda suka amsa wannan kira. A 1962 ya shiga makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, daga nan aka tura shi Sandhurst ta Ingila. Ya dawo a 1964 yana ƙaramin Laftana, aka tura shi Bataliya ta Ɗaya a Inugu. A wannan yanki da ya fara aiki nan ne kuma ƙaddara ta rubuta zai ƙare rayuwarsa bayan shekara 33.

3.0 Fagen Daga da Juyin Mulkin 1975

Juyin mulkin Janairun 1966 ya kawar da gwamnatin da mahaifinsa yake minista a cikinta, ya kuma jefa ƙasa cikin rikicin da ya kai ga yaƙin basasa a 1967. Shehu ya yi yaƙin a Runduna ta Biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad, yana cikin kwamandojin da suka fafata a fagen Anaca, inda yunƙurin ƙetare kogin Kwara a Oktoban 1967 ya ci rayukan sojoji masu yawa kafin a kama garin a Maris 1968. Kafin ya cika shekara talatin ya riga ya jagoranci birged. Yaƙin ya bar masa abubuwa biyu da suka yi masa amfani daga baya: sanin ƙasar Kudu da mutanenta, da kuma abota da tsarar hafsoshin da za su juya Nijeriya har tsawon shekara talatin.

A Oktoban 1974 Janar Yakubu Gowon ya janye alkawarin da ya yi na miƙa mulki ga farar hula a 1976. Wannan, haɗe da ƙorafin da ake yi kan gwamnoninsa, ya sa wasu matsakaitan hafsoshi suka ƙulla shawarar kawar da shi. Shehu yana cikin jigogin wannan shiri tare da su Joseph Garba da Abdullahi Muhammad da Ibrahim Taiwo. Ranar 29 ga Yuli 1975, Gowon yana taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Kampala, suka hamɓarar da shi ba tare da zubar da jini ba, suka miƙa ragama ga manyansu: Murtala da Olusegun Obasanjo da Theophilus Ɗanjuma.

Sabuwar gwamnati ta ba shi Kwamishinan Sufuri na Tarayya. Babban aikin da ya tarar shi ne cunkoson tashar jirgin ruwa ta Ikko, inda ɗaruruwan jirage ɗauke da siminti suka yi cirko-cirko a bakin teku, ƙasa tana biyan tarar jira kullum, sakamakon odar miliyoyin tan da aka yi ba bisa lissafi ba. Rage wannan cunkoso shi ne ya fara fito da sunansa a wajen bariki.

4.0 Mutum na Biyu a Ƙasa, 1976–1979

Ranar 13 ga Fabrairu 1976 aka kashe Murtala a yunƙurin juyin mulkin da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka ya jagoranta. Obasanjo ya gaje shi. Da yake Obasanjo da Ɗanjuma duk Kiristoci ne, sai aka ga ya wajaba a kwantar da hankalin Musulmin Arewa da suka rasa nasu. Aka ɗaga Shehu daga Laftanar Kanar zuwa Birgediya, aka tsallake manyansa da dama, aka naɗa shi Babban Hafsan Hedikwatar Ƙoli ta Soja, wato mataimakin shugaban ƙasa. Shekarunsa 32 a lokacin.

Ofishinsa ne ya kula da shirin Ciyar da Ƙasa na 1976, da kuma garambawul ɗin ƙananan hukumomi na wannan shekara, wanda ya kawo ƙarshen tsarin En'e, ya shimfiɗa tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa da ƙananan hukumomi 301. A ƙasar Sakkwato, alal misali, garuruwan bakin iyaka irin su Illela da Araba, waɗanda a da hakimai da ma'aikatan En'e suke tafiyar da al'amuransu da sunan fada, sun koma ƙarƙashin majalisun ƙananan hukumomi. Sarakuna suka rage da daraja da ba da shawara, iko da baitulmali suka koma wani hannu. Ɗan gidan sarauta ne ya jagoranci wannan sauyi.

Sai dai adalcin tarihi ya buƙaci a faɗi ɗaya ɓangaren. Wannan gwamnati ce ta gurfanar da waɗanda aka zarga da hannu a kisan Murtala gaban kotun soja a asirce, aka harbe mutum 32 a watan Maris 1976, cikinsu har da Kwamishinan Tsaro Manjo Janar Iliya Bisalla, sannan wasu 7 a watan Mayu, cikinsu da Dimka da tsohon gwamna Joseph Gomwalk. Har yau akwai iyalai, musamman a Filato, da suke ganin an haɗa da marasa laifi. A Fabrairun 1977 sojoji suka ƙona gidan mawaƙi Fela a Ikko, aka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti ta taga, ta rasu a 1978, binciken gwamnati kuma ya ɗora laifin a kan sojojin da ba a san ko su wane ne ba. A 1978 aka harbe ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya lokacin zanga-zangar ƙarin kuɗin abinci da masauki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka warware wa jama'a dalla-dalla.

Abin da ya fi ɗaukaka wannan gwamnati shi ne cika alkawari. Ranar 1 ga Oktoba 1979 ta miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, Shehu 'Yar'aduwa kuma ya yi ritaya yana Manjo Janar mai shekara 36.

5.0 Kasuwanci da Siyasa

Bayan ritaya ya zauna a Kaduna ya shiga noma da harkar banki da jigilar kaya ta ruwa da aikin ɗab'i. Ya shugabanci bankin Habib na Nijeriya, ya yi haɗin gwiwa da Cif Moshood Abiola a kamfanin jiragen ruwa, ya kuma kafa jaridar The Reporter. Dukiyar da ya tara da mutanen da ya sani a kowane sashe na ƙasa su ne jarin da ya shiga siyasa da su lokacin da Janar Ibrahim Babangida ya buɗe fage.

Ƙungiyar da ya kafa, wadda aka fi sani da PF, ta bambanta da jam'iyyun da aka saba gani. A jamhuriya ta farko da ta biyu kowace jam'iyya tana da gidan da ta fito, Arewa ko Yamma ko Gabas. Shi kuwa ya tattaro mutane daga ko'ina: Babagana Kingibe da Atiku Abubakar da Ango Abdullahi da Yahaya Kwande daga Arewa, Tony Anenih da Chuba Okadigbo da Bola Tinubu daga Kudu. Ya tafiyar da ita kamar yadda ake tsara runduna, da wakilai tun daga mazaɓa. Da Babangida ya ƙi yi wa ƙungiyoyin siyasa rajista a Oktoban 1989 ya ƙirƙiro SDP da NRC, sai mutanen PF suka shiga SDP suka mamaye ta, Kingibe ya zama shugabanta.

A zaɓen fid da gwani na 1992 Shehu ne ya zo kan gaba a SDP, har ya kayar da Lateef Jakande a Ikko, abin da ba a taɓa zaton ɗan Arewa zai yi ba. Abokan takararsa suka yi kukan an yi amfani da kuɗi da maguɗi. Babangida ya fake da wannan ya soke zaɓen, ya haramta wa 'yan takara 23 na jam'iyyun biyu sake tsayawa. A taron Jos na Maris 1993 ɗan takarar gidansa, Atiku, ya janye wa Abiola. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni 1993, aka soke shi, sannan shugabannin SDP da ke tare da Shehu suka amince da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Ernest Shonekan. Magoya bayan Abiola ba su yafe masa wannan ba, domin suna ganin ya sayar da nasarar jam'iyyarsa da fatan a sake zaɓen da zai tsaya. Masu kare shi kuwa suna cewa ita ce kaɗai hanyar da za a raba Babangida da kujera. Ko ma wanne ne, lissafin bai fita ba, domin ranar 17 ga Nuwamba 1993 Janar Sani Abacha ya karɓe mulki.

6.0 Kamu da Shari'a da Zaman Kaso

Shehu bai ɓoye adawarsa da dawowar soja ba. A farkon 1994 aka tsare shi na ɗan lokaci saboda kiran da ya yi sojoji su koma bariki. Da aka sake shi ya tsaya zaɓen wakilan Taron Tsarin Mulki daga Katsina ya ci, ya kuma sake ɗinke mutanensa a ƙarƙashin ƙungiyar PDM. A Disamban 1994 ya yi abin da ya zama silar ɗaurinsa: ya haɗa kan wakilai suka zartar da ƙudurin cewa soja su sauka ranar 1 ga Janairu 1996. Taron da gwamnati ta kira don ya ba ta lokaci sai ga shi ya yanka mata wa'adi.

A watan Maris 1995 aka kama shi, bayan 'yan kwanaki aka kama Obasanjo, bisa zargin hannu a wani shirin juyin mulki da aka danganta da su Kanar Lawan Gwadabe. A watan Afrilu, ba ya nan, taron ya janye ƙudurinsa. Kotun soja ƙarƙashin Janar Patrick Aziza ta zauna a asirce, babu lauyan da wanda ake tuhuma ya zaɓa da kansa, babu damar ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu. Babbar shaidar da aka kafa da ita ita ce ta Kanar Bello-Fadile, wanda daga baya ya bayyana cewa azaba ce ta sa ya faɗi abin da ya faɗa. Aka yanke wa Shehu hukuncin kisa, Obasanjo ɗaurin shekaru masu yawa. Cikin waɗanda aka ɗaure tare da su akwai 'yan jarida huɗu, da Shehu Sani, da Dokta Beko Ransome-Kuti, ɗan matar nan da aka jefo ta taga a zamanin mulkinsu. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Matsin lambar ƙasashen waje ya sa a Oktoban 1995 aka sassauta hukuncin, nasa ya koma shekara 25, na Obasanjo 15. Aka riƙa sauya masa gidan yari, daga Kirikiri har aka dangana da Inugu da Abakaliki, nesa da iyalinsa da likitocinsa. Ko ƙasar Sakkwato ba ta tsira daga wannan guguwa ba: an nemi Sambo Dasuƙi ruwa a jallo kan wannan zargi, a Afrilun 1996 kuma aka tuɓe mahaifinsa, Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi, aka kai shi jihar Taraba.

7.0 Rasuwarsa da Raɗe-raɗin da Suka Biyo Baya

Abin da ya tabbata kaɗan ne. Ya shiga kurkuku da ƙafarsa, ya yi fama da rashin lafiya a tsare, ya rasu ranar 8 ga Disamba 1997, aka kai gawarsa Katsina aka binne a maƙabartar Ɗanmarna. Hatta wurin da ya cika rahotanni sun saɓa: wasu sun ce a cikin gidan yarin, wasu a hanya, wasu a asibitin koyarwa na Inugu. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam, irin su Amnesty International, sun nemi a yi bincike mai zaman kansa. Gwamnatin Abacha ba ta yi ba.

Zargin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa jami'an tsaro sun zo masa da likita a kurkuku, aka yi masa allura da ƙarfi da sunan gwaji ko magani, abin da ke cikinta kuma ya riƙa cin jikinsa a hankali. Wasu sun ce guba ce, wasu sun ce ƙwayar cuta ce. Abubuwa uku ne suka ba wannan zance ƙafafu. Na farko, akwai dalili a fili: ana shirye-shiryen mayar da Abacha shugaban farar hula, kuma a Afrilun 1998 jam'iyyu biyar ɗin da aka yi wa rajista duk suka tsayar da shi, alhali babu ɗan siyasar da yake da rundunar magoya baya irin ta Shehu. Na biyu, zamani ne na kisan gilla: an rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995, an harbe Alfred Rewane a 1995 da Kudirat Abiola a 1996. Na uku, bayan an sako Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa guba aka sa wa abokinsa, kuma shi ma an zo masa da irin wannan allura a kurkuku ya ƙi yarda.

A 1999, bayan dawowar mulkin farar hula, an tuhumi wasu jami'an tsohuwar gwamnati, cikinsu da wani likitan soja, da hannu a mutuwar. Shari'ar ba ta kai ga samun kowa da laifi ba. Kwamitin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, wanda aka kafa a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan'adam, ya miƙa rahotonsa a 2002, amma gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka watsa shi a 2005. Ta haka zargin ya tsaya a tsaka-tsaki: babu kotun da ta tabbatar da shi, babu kuma binciken da ya ƙaryata shi.

Ga mai nazarin al'ada da adabin baka, abin lura shi ne yadda wannan labari ya samu 'yan'uwa cikin wata bakwai kacal. Abacha ya rasu ranar 8 ga Yuni 1998, aka binne shi a Kano a ranar ba tare da binciken gawa ba, sai zancen tuffa mai guba ya ɓulla. Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998 yana ganawa da jakadun Amurka, Thomas Pickering da Susan Rice, sai zancen kofin shayi ya ɓulla. Allura da tuffa da shayi duk zubinsu ɗaya: wani ƙaramin abu da aka saba da shi, wanda aka miƙo da sunan alheri, a ɗakin da babu idon jama'a. Wannan zubi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda tun da can yake fassara mutuwar fuju'a ta sarki ko ɗan sarki da sammu ko guba a cikin abinci. Abin da ya sauya shi ne kayan aikin, boka ya ba likita wuri.

Misalin Abiola yana da darasi na daban. An gayyato ƙwararrun likitoci daga Amurka da Ingila da Kanada suka binciki gawarsa, suka ce ciwon zuciya ne da ya daɗe yana ɗauke da shi. Duk da haka zancen shayi bai mutu ba, domin wanda ya shekara huɗu yana ɓoye mutum ba a gaskata shi rana ɗaya. Kuma ko da an karɓi bayanin likitoci, tambaya tana nan: wa ya hana shi magani? Haka abin yake ga Shehu. Idan ma an ajiye batun allura gefe, tsare mara lafiya a kurkuku mai nisa, kan hukuncin da aka gina a kan shaidar azaba, alhaki ne da ba ya buƙatar wata maƙarƙashiya kafin ya tabbata.

Mutanen bakin iyaka sun ga irin wannan ta fuska biyu. A Araba da Illela, inda kasuwa da aure da harshe suka haɗa jama'a da Birnin Ƙonni, labarin Nijeriya da na Nijar tare suke shigowa, galibi ta sassan Hausa na gidajen rediyon BBC da Muryar Amurka da Jamus, waɗanda aka fi amincewa da su a kan na gwamnati a wancan zamani. Wata goma sha shida bayan rasuwar Tafida, ranar 9 ga Afrilu 1999, dogaran fadar shugaban Nijar suka harbe Ibrahim Ba'are Mainasara a filin jirgin sama a Yamai. Hukuma ta kira abin haɗari, tsarin mulkin da ya biyo baya kuma ya yi wa masu hannu afuwa. Wanda ya ji an kira harbi da sunan haɗari a hayin iyaka, da wuya ya karɓi kalmar rashin lafiya a wannan hayi ba tare da ya yi tsaki ba.

8.0 Kammalawa

Rundunar siyasar da Shehu ya gina ta rayu bayansa. PDM ce ta zama ƙashin bayan jam'iyyar PDP a 1998, ta taimaka wajen ɗora Obasanjo a kan mulki a 1999 da Atiku a matsayin mataimaki. Ƙanensa Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi gwamnan Katsina shekara takwas, ya zama shugaban ƙasa a 2007. An kafa gidauniya da cibiya da sunansa a Abuja, an kuma yi masa afuwa bayan rasuwarsa, har sunansa ya sake fitowa a jerin waɗanda aka yafe wa a Maris 2013. Ƙasa ta yafe masa laifin da ba a tabbatar ba, amma ba ta yi wa iyalinsa da jama'a bayanin yadda ya mutu a hannunta ba.

Al'adar ɓoye-ɓoye ma ta rayu. Lokacin da aka fita da Shugaba Umaru zuwa Jidda a Nuwamban 2009, aka dawo da shi cikin dare a Fabrairun 2010, har ya rasu ranar 5 ga Mayu 2010, rashin bayani ya sake cika ƙasa da ji-ta-ji-ta, wannan karon a kan gida guda.

Tarihin Tafidan Katsina ya nuna mutum mai hangen nesa da iya tsara jama'a, wanda ya taimaka aka miƙa mulki a 1979, ya kuma rasa 'yancinsa saboda neman a sake yin haka a 1996. Ya kuma nuna hafsan da ya yi juyin mulki, ya zauna a majalisar da ta tabbatar da hukuncin kotun sirri. Ramin da aka haƙa a 1976 bai cike ba har 1995. Aikin da ya rage wa manazarta shi ne tattara abin da ya saura a bakin ganau, ma'aikatan gidan yari da likitoci da abokan zaman kaso, tun suna raye, tare da neman a buɗe takardun shari'ar 1995 da na asibiti. Muddin waɗannan suna kulle, zancen allura ne zai ci gaba da zama tarihin da talaka ya sani.